Gilashin Motar da Ba Ta Tafiya

Akori-kurar Baba ta riga shi daina tafiya. Tana nan a ƙofar gidanmu a Gashuwa, ƙarƙashin bishiyar maina, tayoyinta sun lotse cikin rairayi, injin ma an daɗe da cire shi. Da ita ya yi ƙuruciyarsa yana jigilar bandar kifi da buhunan gero tsakanin Gashuwa da Nguru, da ita kuma ya ciyar da mu.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tafi da hannunsa na dama da rabin maganarsa, sai motar ta zama zaurensa. Kullum bayan la'asar mukan kama shi mu zaunar a kujerar direba. Ya murɗa gilashi ƙasa da hagunsa, ya ɗora gwiwar hannu a kan ƙofa, duk wanda ya zo wucewa ya tsaya a gaisa. In iska ta taso ko gyangyaɗi ya zo masa, ya murɗa sama. Abin da ya rage masa ke nan a duniya wanda yake yi da kansa ba tare da ya kira kowa ba.

Iskar farkon damina ce ta karyo reshen mainar, ya faɗo ta gefe ya tarwatsa gilashin ƙofar direba. Ruwa ya jiƙa kujerar sharkaf, da safe kuma muka tarar da kaza a kai tana neman wurin ƙwai. Yayana, wanda dama motar ta daɗe da tsaya masa a rai, ya ce magana ta ƙare.

"'Yan gwangwan sun sha zuwa tambaya," in ji shi. "A ba su su kwashe, a shimfiɗa wa Baba tabarma a zaure kamar kowane dattijo."

Ba mugun mutum ba ne Yaya. Kunya yake ji abokansa su ga mahaifinsa zaune a mataccen ƙarfe. Amma ni na san wanda aka kwantar a tabarmar zaure, leƙa shi ake yi a ce masa sannu da jiki. Wanda yake bakin hanya kuwa gaisawa ake yi da shi. Raina ya ɓaci, na ce a ba ni zuwa ƙarshen mako.

Makanikan Gashuwa dariya suka yi mini. Ɗaya ya ce in kawo motar gareji ya duba, alhali ya fi kowa sanin ko jakai ba za su iya jan ta ba. Na fahimci ba mai barin aikinsa ya zo ya sa wa gawa gilashi, don haka na hau mota zuwa Nguru, wurin wani Ibo mai sayar da tsofaffin kayan mota a bayan kasuwa, wanda a garin aka haife shi. Ya shiga can ƙuryar shago ya daɗe yana bincike, ya fito da gilashi duk yanar gizo.

"Malam, wannan motar har yanzu tana aiki?"

"Tana aiki," na ce. Ban ga na yi ƙarya ba.

Ya naɗe mini shi da kwali, ya nuna mini da hannu yadda ake zura shi: a karkace, hanci ya fara shiga. Na rungumo shi a cinya har gida, ina faɗa da duk fasinjan da ya matso ni.

Ni malamin makaranta ne, abin da na taɓa kwancewa bai wuce fitila ba. Mariƙin murɗa gilashin kaɗai ya kusa sa ni zagi, don wani ɗan ƙarfe ne a ɓoye yake riƙe da shi, sai da na zura tsumma ta baya na ja sannan ya fita. Na ɓamɓare kwalin ƙofar, na tarar da cikinta cike da ɓarɓashin gilashi kamar gishiri, da ƙasar shekaru, da ƙashin kifi. Na share, na yanke yatsa, na ɗaure, na ci gaba. Sabon gilashin ya ƙi shiga, ya ƙi shiga, har na fara tunanin an cuce ni, can na ɗan ƙara karkata shi sai ya sulale ya zauna daram.

Sai dai ƙarfen da ke ɗaga shi ya lanƙwashe da dukan reshen, ga tsatsa. In na murɗa sai ya cije, in na saki gilashin ya zame ƙasa. Rana ta yi zafi, na gaji, sai na yi abin da kowane direban tasha yake yi a ƙasar nan: na ɗaga gilashin sama, na fere ɗan katako na tokare shi ta ciki, na mayar da kwali na rufe. Ruwa ba zai shiga ba, kaza ba za ta shiga ba. Na wanke gilashin har yana ƙyalli, ina jin kaina.

Da la'asar muka zaunar da Baba. Ya shafa gilashin, ya yi murmushin nan nasa na gefe guda. Ba a jima ba limamin unguwarmu ya zo wucewa, ya tsaya ya yi sallama. Baba ya kama mariƙi ya murɗa, ko motsi. Ya sake murɗawa. Liman yana tsaye yana magana, Baba yana ciki yana amsawa, ba mai jin wani sosai, ƙarshe Liman ya ɗaga hannu ya wuce. Na ga fuskar Baba ta sauya. Ya ƙwanƙwasa ƙofa a fitar da shi.

Muna riƙe da shi za mu shiga gida ya tsaya, ya tattara kalmomin da ƙyar.

"Ni... gwamna ne?"

Nan take na gane. A wurinmu ba a gaisawa ta bayan gilashi. Mai motar da ya amsa sallamarka bai sauke gilashi ba, ya gaya maka matsayinka ke nan. Baba ya yi shekaru a kan titi bai taɓa yi wa ko mai tallan gyaɗa haka ba, ga shi yau ya yi wa limami a ƙofar gidansa.

Washegari ya ƙi fita. Jibi ma haka. Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya, abinci ma sai Inna ta yi da gaske. Na ji Yaya a waya yana kwatanta wa wani ɗan gwangwan gidanmu. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga yadda mutum yake fara tafiya tun yana da rai.

Na sake ɓamɓare ƙofar, na jefar da katakon. Na kwance ƙarfen gaba ɗaya, na jiƙa shi a kananzir, na goge haƙoransa ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshi, na ɗora shi a kan turmi ina bubbugawa a hankali har ya miƙe. Wahalar ita ce daidaitawa. In ya yi tauri hannun Baba ba zai iya ba, in ya yi sako-sako gilashin ba zai tsaya ba. Sai na zauna a kujerar, na sa hannun dama a aljihu, ina gwadawa da yatsu biyu na hagu, in fito in ƙara giris, in koma. Maƙwabta suna wucewa suna kallona, na tabbata wasu sun ce ciwon na gado ne.

Inna ce ta lallashe shi ya fito. Ya zauna bai kalle ni ba, gilashi a rufe. Yaya yana bakin zaure, hannu a ƙirji.

Can sai ga wani tsohon manomi daga Katuzu a kan keke, wanda Baba ya sha ɗauko wa albasa a da. Ya sauka, ya jingine keken, ya zo daidai ƙofar. Baba ya kama mariƙin. Gilashin ya motsa kaɗan, ya tsaya, ya sake motsawa. Gumi ya tsatso masa a goshi. Yaya ya taka zai taimaka, manomin ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi ba tare da ya dube shi ba. Yana nan tsaye cikin rana, bai yi sallama ba, bai yi gaggawa ba, har gilashin ya sauka duka, har Baba ya ɗora gwiwar hannunsa a kan ƙofa ya numfasa.

Sannan manomin ya ce, "Salamu alaikum, direba. An sauka lafiya?"

"Lafiya," in ji Baba. "Ya... hanya?"