Kujerar Malam Habu da motar shugaba

Shekara shida ke nan da muka kai Malam Habu makwancinsa a nan Kuala Lumpur, nesa da Zariya inda aka haife shi. Allah ya jiƙansa. Ni Kirista ne daga Filato, shi Musulmi, amma a unguwar Taman Melati ƙofofinmu na kallon juna, kuma babu wanda ya san taurin kansa kamar ni.

Karatun digiri na uku ya kawo shi, a kan majalisa ta biyu, wato ta dattawa, inda ake naɗa wasu ba tare da zaɓe ba. Yakan ce amfanin ɗan majalisa mai zaman kansa ɗaya ne: ya dubi dokar da 'yan jam'iyya suka yi cikin gaggawa, ya ce a dakata. Sai dai bai cika yarda da sunan ba. In an ce wane ba ya jam'iyyar kowa, sai ya tambayi wa ya naɗa shi, kuma motar wa yake hawa.

Da ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna nan ta kusa darewa biyu, shi ya kawo shawarar a kafa majalisar dattawa a saman kwamiti, da kujeru uku na waɗanda ba sa ɓangaren kowa. Aka ba shi ɗaya. Tun daga ranar bai sake shiga motar ɗan kwamiti ba. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, jirgin ƙasa yake bi zuwa taro a Chow Kit, ya iso sharkaf. Muna yi masa dariya, yana cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yau kujerun na nan, amma shugaban ƙungiya ke zaɓen masu zama. Biyu daga cikinsu a motarsa suke isowa taro. Ban ce an saye su ba. Na dai lura ba su taɓa cewa a dakata ba.

Watan jiya aka ba ni ta ukun, kujerar Habu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daga baya na ji ranar Asabar za a kaɗa ƙuri'a kan cire iyakar wa'adin shugaba. Ruwa ba ya tsami banza. Da Habu na raye, da ya tambaye ni me suka hango a jikina, ni da ban iya musu ba, ga ciwon gwiwa.

Jiya shugaba ya bugo waya, ya ce, "Baba Istifanus, da gwiwar nan taka ba za ka wahala ba, zan turo mota."

Na yi godiya, na ce jirgi zan bi. Sai ya ce, "Ashe Habu bai mutu ba."

Ya mutu, shugaba, mu muka rufe shi. Kundin digirinsa ma ban san mai buɗe shi ba. Abin da ya bar mini matakalar tashar jirgin Taman Melati ce, kuma ranar Asabar zan hau ta, ko da rarrafe.