'Yan Ɗumi Sha Biyu da Fasinja Ɗaya

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kwashi 'yan ɗumi sha biyu muka kai su Katsina ba. Wata Talata ce, 'yan watanni bayan an sake buɗe boda, ina cikin shekara ta uku a kan teburin rubutu a tashar motocin Katsina da ke nan Jibiya. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana kuna jin ana tsokanar Ila mai yankan farce ana ce masa Sani Musa na ɗaya, ba ku san mafarin abin ba. To bari in gaya muku, amma a hankali, don ni ban iya sauri ba.

Aikina shi ne kafin mota ta tashi in rubuta sunan kowane fasinja, da garinsu, da lambar wanda za a kira idan wani abu ya faru a hanya, Allah ya kiyaye. Direba ke riƙe takardar, ya nuna ta a shinge. Ajin yaƙi da jahilci na yi bayan na haifi 'ya'ya huɗu, saboda haka rubutuna manya-manya ne, amma kowa na iya karanta shi. A sama da ni akwai 'yan kamasho, su ke yin lodi. A sama da su akwai sakatare da ciyaman. Mai rubutu ba ta sa baki a lodi, wannan tun ranar farko aka faɗa mini.

Su kuma 'yan ɗumi, ga wanda bai sani ba, mutanen cikin tasha ne da ɗan kamasho ke zaunarwa a mota don ta yi kamar ta kusa cika. Fasinja ba ya son shiga mota wayam, ya san zai wuni. Idan ya leƙa ya ga kawuna, sai ya shiga. Aikinsu ɗumama kujera, shi ya sa muke ce musu haka. Ƙa'idar ɗaya ce: ɗan ɗumi ba ya tashi sai wanda ya zaunar da shi ya sosa hula. Da ya ga an sosa, sai ya ce bari ya kama ruwa, ya fita, fasinjan gaskiya ya samu wuri. Ni ba na rubuta su. An ma hana abin a lokacin, an ce duk wanda aka kama an kore shi daga tasha, amma kasuwa ta mutu, ana dai yi a ɓoye.

Ranar nan bas ɗin Malam Hamisu ce a kan layi, mai cin mutum sha huɗu. Wajen ƙarfe shida da rabi aka kawo wata tsohuwa daga tsallake, wajen Maraɗi, sunanta Iya Tsahara. Ciwon yanar ido ya rufe mata ido biyu, ba ta gani sai dishi-dishi. Wanda ya rako ta bai samu wucewa boda ba, sai wani ɗan acaɓa ya ajiye mana ita. Ta miƙo mini kati ta ce, "Ɗiyata, duba mani. Lokotoro ya ce in iso kahin mi?" Likita take nufi. Na karanta: a asibitin ido, a zo kafin sha biyun rana. Wanda bai zo ba, sai likitan ya sake zagayowa bayan damina. Na zaunar da ita a gaba, na ce, "Iya, kwantar da hankalinki, ai Katsina ba nisa."

Matsalar daga 'yan kamasho ta faro. Muna da biyu, Ɗan Riko da Sale Gajere, kowa da ranarsa. An yi musanyar rana a makon, kowannensu ya ɗauka Talata tasa ce. Ɗan Riko ya zo da sassafe ya zaunar da mutanensa shida a baya, ya tafi shan koko. Sale ya iso, ya leƙa ya ga kawuna shida sun rufe fuska da rawani saboda sanyin safiya, ya ce kai, yau kasuwa ta buɗe. Ya ƙara nasa shida. Da suka haɗu a bakin mota sai rigima, kowa na cewa lodinsa ne, suka ja juna zuwa ofishin ciyaman.

Mota ta zama saura mutum ɗaya. Fasinjojin gaskiya suna ta zuwa, wani da matarsa, wata da 'ya'ya biyu, su leƙa su ga ba wuri, su fita bakin titi su shiga ƙananan motoci. Ina kallo mutum ya fi goma suka juya. 'Yan ɗumi na zaune suna jiran a sosa hula, masu hulunan kuwa suna ofis suna rantse-rantse. Sau biyu ina zuwa ƙofa in yi sallama, sakatare ya ce, "Maman Habu, ki jira, ana magana mai muhimmanci." Malam Hamisu kuma yana ƙarƙashin dalbejiya yana barci, ya ce in ta cika a tashe shi.

Iya Tsahara ta kira ni ta taga. "Ɗiyata, ƙarhe nawa?" Na ce tara ta wuce. Ta ce, "Ni dai ina jin mutane cike da motar ga, amma ba mai cewa a tashi. Mutanen Najeriya akwai haƙuri."

Ana cikin haka sai ga farar mota ta shigo, mai duba tashoshi ne daga Katsina, ba wanda ya san da zuwansa. Doguwar riga, biro uku a aljihu. Ciyaman ya fito da gudu, 'yan kamasho a bayansa, rigima ta mutu nan take. Mutumin ya zagaya bas, ya ce, "Madalla. An ce mini kuna zaunar da mutanen bogi a mota. Waɗannan duk fasinjoji ne?"

Ciyaman ya ce, "Ranka ya daɗe, duk fasinjoji ne." Shi har ga Allah haka ya ɗauka.

Mai duba tashoshi ya juyo gare ni. "Ina takarda?" Na nuna masa, suna ɗaya ne a ciki. Ya ce, "Me kike jira? Rubuta kowa, a gabana."

Na bi taga-taga da biro. Duk na san su. Ga Ila mai yankan farce, ga Buba mai ga-ruwa, ga mai faci, ga mai wankin hula. Na ce da Ila, "Malam, sunanka?" Ya dube ni, ya dubi mai duba tashoshi, ya ce, "Sani Musa." Na rubuta. Na gaba da shi tsoro ya hana shi tunani, shi ma ya ce Sani Musa. Buba ya ba da sunan surukinsa. Wani ya karanto sunan da ke jikin buhun taki a ƙasan kujera. Kafin in gama na samu Sani Musa uku. Ban ce komai ba, don in na yi magana mutum sha biyu sun rasa wurin cin abinci, ni ce ta sha uku.

Ɗan Riko da Sale suna tsaye, hannuwansu a ƙirji kamar masu salla. Kan Sale ma na yi masa ƙaiƙayi da gaske, ya kasa taɓawa.

Mai duba tashoshi ya ce, "Saura mutum ɗaya? Ke mai rubutu, shiga ki cike, ki raka takardarki mu ga yadda tsarin ke aiki a shinge. Ni ma Katsina zan koma, ina bayanku." Aka tashi Malam Hamisu, ya ga mota maƙil, ya ce rabonsa da irin wannan lodi tun kafin a rufe boda. Ƙarfe goma muka fita, farar mota na biye da mu.

Kun san hanyar nan, rami na bin rami, kowane muka faɗa sai in ji wani a baya ya ce Innalillahi. Buba ya matso ya raɗa mini, "Maman Habu, kurata na bari a bakin famfo da jarkoki goma." Ila ya ce shi ya yanke wa wani Alhaji farcen hannu ɗaya, ya ce ya jira shi yana zuwa.

Mun wuce shinge biyu da ɗaga hannu. A na uku, gaba da Daddara, wani jami'i ya tsayar da mu ya karɓi takarda. Ganin farar mota a baya, sai ya ce yau zai yi aiki yadda littafi ya ce, zai kira suna kowa ya amsa.

"Tsahara Abdu."

Iya ta ce, "Ga ni."

"Lawal Ɗanjuma." Shiru. Ya sake kira. Shiru. Mai sunan ya manta shi ne.

"Sani Musa." Mutum huɗu suka amsa, alhali uku na rubuta.

Jami'in ya sauke takarda, ya leƙa sosai. Maza sha biyu, ba jaka, ba kaya, wani da almakashi a aljihu, ba wanda ya san sunansa. A hanya irin tamu wannan ba abin dariya ba ne. Ya ce mazan su sauka su zauna a ƙasa. Ya kira ogansa a waya, ogan ya ce a jira shi. Mai duba tashoshi ya fito yana ta tambayar me ke faruwa. Na duba wayata, sha ɗaya saura kwata.

Iya ta laluba ta kama hannuna. Ba ta yi ƙorafi ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗiyata, in ba a samu ba, ki mai da ni inda kika ɗauko ni. Damina ukku ina jira, ta huɗu ba komi." Wannan maganar ce ta sauko da ni daga mota.

Na je gaban jami'in na rusuna. Na ce, "Yallaɓai, ni na rubuta takardar nan, kuma ƙarya ce tun daga layi na biyu. Waɗannan ba fasinjoji ba ne, ba kuma mugaye ba ne. 'Yan ɗumi ne." Na yi masa bayanin hula da komai. Na nuna su ɗaya bayan ɗaya, sunan gaskiya da sana'a. Da na zo kan Ila, jami'in ya dube shi da kyau ya ce, "Kai! Ba kai ka yanke ni a ɗan yatsa ranar kasuwa ba?" Ila ya ce, "Ni ne, yallaɓai, Allah ya ba ka haƙuri." Mutumin ya yi dariya har ya dafa mota. Ya sake kiran ogansa ya ce ba sai ya zo ba.

Mai duba tashoshi bai yi dariya ba. Ya ce, "Sha biyu? Duka?" Na ce, "Duka, ranka ya daɗe. Fasinja ɗaya ce, kuma sha biyu za a rufe mata littafi."

Na ɗauka an gama, ashe saura Malam Hamisu. Sai a lokacin ya gane ba wanda ya biya sai tsohuwa. Ya kashe mota, ya zauna a kan dutse, ya ce shi tunda yake bai taɓa shiga Katsina da fasinja ɗaya ba, kuma mota ba ta tashi sai ta cika. Na ce, "Malam Hamisu, ai ta riga ta tashi." Ya ce, "Wancan tashin bai halatta ba." Na roƙi mai duba tashoshi ya ɗauki Iya a motarsa, ya ce motar ofis ba ta ɗaukar fasinja, doka ce. Jami'in kuma ya ce ba zai bar maza sha biyu zaune a shingensa ba, kuma ba zai sake su su bi daji a ƙasa ba.

Muka tsaya cirko-cirko, mota babu kowa sai Iya, mutane babu mota. Na ce a hankali, "To tunda shi cika yake so, su kuma aikinsu cikawa, me zai hana su koma?" Mai duba tashoshi ya ce, "Haka za a yi. Kun ce Katsina za ku, to Katsina za ku. Man mota kuma a wuyan 'yan kamasho." Na juya bayan takarda na sake rubutu, wannan karon da sunayen da iyayensu suka raɗa musu.

Malam Hamisu ya yi gudun da ban san bas ɗin nan na da shi ba. Sha biyu saura 'yan mintoci muka tsaya a ƙofar asibiti. Iya ba ta iya sauri, sai mai faci da Buba suka ɗauke ta cak a kan kujerar roba, sauran goma suka bi baya suna cewa a ba da hanya. Maigadi ya ga tawaga, ya wangale ƙofa biyu har da sarawa. Malamar da ke rubuta suna ta riga ta ɗora hannu za ta rufe littafi. Ta ɗaga kai ta ce, "Ikon Allah! Iya, duk waɗannan 'ya'yanki ne?"

Iya ta ce, "Awo. Tun da sahe suke zaune da ni, ba wanda ya tashi."

Aka rubuta ta, ita ce ta ƙarshe.

Ba a kori kowa ba. Mai duba tashoshi ya ce in ya rubuta rahoto dole ya rubuta cewa shi da kansa ya yi wa motar rakiya, saboda haka aka tsaya a kan gargaɗi. Ni sakatare ya daina gaishe ni na sati biyu, daga baya ya huce.

Bayan kwana biyar Iya ta biyo ta tasha za ta koma gida, ido ɗaya a buɗe tar. Ta ce a tara mata 'ya'yanta. Suka jeru, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan Ila, sannan ta ce, "Ashe haka kuke? Da murya kun hi kyau."

Abin da na koya shi ne, a tasha kowa na tsare da ƙa'idarsa, ɗan ɗumi da direba da mai shinge da ni kaina, kuma duk muna iya bin ƙa'ida daidai mu bar mutum ɗaya da ya zo tafiya da gaske a zaune har rana ta faɗi. Mutanenmu ba mugaye ba ne, jiran juna ne ya yi mana yawa. Shi ya sa ku sababbi nake ce muku, kafin ku tambayi fasinja sunansa, ku fara tambayarsa ƙarfe nawa ake jiransa. In ya faɗa, ku tashi ku je ofis, ko an ce ana magana mai muhimmanci ku shiga.