Kwaskwarima da Fuskar Kafinta

Kowa a layin nan, Kwaskwarima yake ce masa, har matarsa in tsokana ta motsa mata. Dalili kuwa, mutumin nan bai taɓa zana fuska ya bar ta yadda Allah ya yi ta ba. Mai sanƙo ya kawo hotonsa ya koma da suma, mai giɓi ya koma da haƙoransa cif. In aka yi masa magana sai ya ce, "To wa zai rataya muninsa a falo?"

Da allunan shaguna ya fara, yana zana kawuna a bangon masu aski da kaji a ƙofar masu firji. Daga nan ya gane hannunsa ya fi faɗawa a fuskar mutum, ya kama shago, ya kafa katakon zane kusa da taga. Kai, an yi zamani! Shekara goma sha biyar layi ake yi masa. Ya sayi babur, ya yi aure, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta, har ya fara tumbi.

Sai aka buɗe wani shago a tsallaken titi, da injin da ke buga hoto tsawon ƙofa kafin ka gama gaisawa da mai shi. Bayan injin, sai waya ta zo, ita ma tana goge ƙuraje tana haska fata, kuma ba ta gajiya. Wannan ya ci masa rai ƙwarai. Ya koma fentin ƙyauren gidaje da rubuta baƙaƙe a katangar makarantu, har wata rana tsani ya zame da shi ya karye a hannun hagu. Da ya warke ya tarar matarsa ta cinye rabin shagon da sabulu da ashana. Ya haƙura, don da sabulun ake cin abinci.

Yana da shekara sittin da biyu wata malamar makaranta ta shigo ta gaishe shi, ta zauna a bakin benci.

"Baba, hoton mahaifinmu muke so ka zana."

"Kawo hoton in gani."

"Ai matsalar ke nan, babu. Ambaliya ta tafi da akwatin da hotunansa suke ciki, shi kuma shekararsa ashirin da rasuwa. Kafinta ne. Innarmu idonta na dama ya riga ya tafi, na hagun ma likita ya ce 'yan watanni ne suka rage masa. Kullum maganarta ɗaya, tana so ta ƙara ganin fuskarsa kafin duhu ya rufe ta. Mun je tsallake, sun ce injinsu sai da hoto."

Kwaskwarima ya leƙa shagon tsallake ta taga, ya gyara zama. Rabonsa da jin daɗi irin wannan har ya manta.

Ya sa aka tara masa 'ya'yan marigayin su uku: malamar, da wanta direba, da autansu tela. Ya jera su a benci yana zagaya su kamar mai tayin kaya a kasuwa. Suka ce goshin direba na baban ne, kunnuwan tela nasa ne, haɓar malamar ma tasa ce. Ya tambaye su wane irin mutum ne, suka haɗa baki: kyakkyawa, mai fara'a, mai haƙuri, ko ƙuda ba ya kashewa. Mako biyu ya yi yana aiki. Da ya gama, matarsa ta leƙo daga bayan sabulunta ta ce, "Tubarkalla!"

Ya naɗe zanen a zani ya kai gidan da kansa. Inna tana zaune a bakin gado, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin baki. Aka buɗe taga, aka miƙa mata. Ta kawo zanen dab da idon hagu, ta bi shi daga goshi har haɓa, ta daɗe.

"Wannan bawan Allah kyakkyawa ne," in ji ta. "Da shi na aura da na huta. Amma ban san shi ba."

Ta mayar masa, ta juya fuska bango. Malamar ta fashe da kuka. Kwaskwarima ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ga tsoro kuma, don mako biyu ya ci daga cikin ɗan ganin da ya rage wa tsohuwar nan.

A hanya ya yi ta faɗa da kansa, har ya gano inda aka yi ɓarnar. 'Ya'yan sun yi wa ubansu kwalliya da baki, don wa zai faɗi aibin mahaifinsa da ke kabari? Shi kuma ya ɗora tasa da buroshi. Kwalliya biyu a kan mutum ɗaya, ina za a gan shi?

Da sassafe ya koma da farar takarda da fensir, ya roƙi 'ya'yan su tsaya a waje.

"Inna, ban zo jin alherinsa ba. Me yake yi da ke ba ki haushi?"

Tsohuwa ta juyo a hankali. "Kana da lokaci?"

Ashe shekara ashirin take jiran mai wannan tambaya. Mutum ne, in ji ta, da ba ya rabuwa da ƙusa a gefen baki, har bakin ya karkace hagu, ko murmushi ya yi sai ka ce raina ka yake. Ido ɗaya kullum a kanne, saboda auna miƙewar katako, har ita ma haka yake kallonta, kamar yana neman inda ta lanƙwashe. Hanci ya taɓa karyewa da wani gungume ya faɗo masa, ya ƙi zuwa asibiti don taurin kai. Ga wani gemu tsiri-tsiri da ta yi shekara talatin tana roƙo a aske, ga garin katako a gira kullum. Tana faɗa tana tsaki, tana dariya, tana share ido da bakin mayafi.

Fensir yana ta gudu. Sau uku hannunsa ya tafi zai miƙe hancin nan da kansa, sau uku yana dawo da shi. Wallahi ya sha wuya, bai taɓa sanin barin abu a karkace yana da nauyi haka ba.

Kwana huɗu ya yi a kan fentin. Matarsa ta leƙo ta ce, "Subhanallahi, wannan fa? Kora za su yi maka." Ya ce ta ji da ashanarta.

Wannan karon ɗakin cike yake, har da surukai da maƙwabta. Da ya yaye zanin, direba ya ja da baya ya dafa ƙofa. Inna ta karɓa ta kawo dab da idonta. Ta sa yatsa ta bi karyayyen hancin, ta gangaro kan karkataccen bakin, ta tsaya a haɓa.

"Kai dai ba ka jin magana," in ji ta. "Har yanzu ba ka aske wannan abin ba?"

Tela ya durƙushe a wurin yana kuka. Kwaskwarima kuwa daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya cusa su a aljihu, ya sake fito da su. Shekara arba'in yana riƙe da buroshi, yau ne ya san ya zana mutum.

Malamar ta matso za ta karɓi zanen ta rataye. Inna ta ƙanƙame shi a ƙirji, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ku ɗan ba mu wuri," ta ce. "Ina da magana da babanku."