Man gyaɗa a cikin tarakta

Yaya, yau ni da ba a jin muryata na ja da maza biyar!

Ɗarin bana ya yi tsanani, ga shukar alkama ta kama a Abalessa. Tsohuwar taraktar da maigidana Baban Hadiza ke tuƙawa sai da ƙyar take ɗaga garma. Shef, shugaban gonar, ya ce in ba ta gyaru yau ba, direba ya bar aiki.

Na kai abinci, na tarar maza sun kewaye taraktar, makanise zai kwance famfo. Yana buɗe murfin mai, ƙamshin ƙuli-ƙuli ya buge ni!

Na ce, "Malam, bar famfon nan. Mai ne ya yi barci."

Ya ce, "Baiwar Allah, koma wajen tukunyarki."

Na ce, "A can na san shi. Ba inda za ni."

Baban Hadiza ya sunkuyar da kai! Ashe man gyaɗar da na kawo daga Maradi na ajiye a akwatina, nake ta cigiya, shi ya ɗura da mai ya ragu.

Aka tsiyaye, aka zuba na gaske. Garma ta tashi zumbur!

Shef ya ce, "Direba ya zauna, albarkacin matarsa."

Gobe da safe kwaɗo zan sa wa akwatina.