Katin Ɗiyar Fari

Ku da kuka shigo aikin nan bayana kuna yawan tambayar dalilin da ya sa nake zaunar da mai son kati kafin in taɓa kwamfuta. To, akwai wata Lahadi, ranar kasuwar Illela, wadda har gobe ba ta fita raina ba.

Na haura arba'in kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci. A shagon buga kati na Alhaji Sani da yankan takarda na fara, daga baya aka ɗaga ni zuwa teburin rubutu. Ƙa'idar shagon ita ce akwai samfura a kwamfuta, mai saye ya zaɓi ɗaya, a canza suna da shekaru, a buga, a sa a leda. Ran kasuwa Alhaji ba ya son kowa ya daɗe a kan benci.

Ran nan wata dattijuwa daga Lafani ta shigo, ta ce katin zagayowar ranar haihuwa take so. Na ce na wa? Ta sunkuyar da kai.

"Na waccan. Ta wurin aikin asibiti, Sakkwato."

"Inna, mi ne sunanta?"

Sai ta miƙo mini wayarta in duba da kaina. Nan na gane ɗiyar fari ce. Irin iyayenmu ne da ba su kiran sunan ɗan fari, ba su yi masa wasa a gaban mutane. Ta ce bara yarinyar ta gaya wa ƙanwarta cewa kowa ya taya ta murna ban da wadda ta haife ta. Tun daga nan ta daina zuwa gida, ko da Sallah ba ta zo ba.

Na karanta mata samfurin uwa da ɗiya: "Zuwa ga abar ƙaunata, hasken idona," sai suna da manyan baƙaƙe. Ta rufe baki da gyale.

"Wagga magana ba tawa ba ce, ɗiyata. In ta gani, ta san saye na yi."

Na ture kwamfutar, na ɗauki biro, na ce ta ba ni labarin ranar haihuwar. Layi ya fara tsawo. Alhaji ya taso.

"Kulu, mi kike yi? Buga mata na uwa ki sallame ta!"

"Alhaji, ba ni bugawa."

"Shagonki ne ko nawa?"

"Naka ne. Hannun nawa ne. Ban koyi rubutu da furfura don in sa wa tsohuwa ƙarya a baki ba."

Ya ce in ban bi ƙa'ida ba in bar masa teburinsa. Na ce in na gama wannan zan bari. Na juya wurin Inna, na ce ta ci gaba.

Abin da ta faɗa shi na rubuta, tsari kawai na gyara. "An haife ki ranar da aka fara yankan gero a gonar kakanki. Bakina ba ya kiran sunanki, haka na taras ana yi. Amma tun da kika bar gida ban taɓa tuƙa tuwon sabon gero ban kwashe naki a kwano na rufe ba. Bana ma zan rufe. Allah Ya ƙara shekaru masu albarka." Babu suna a ciki. A bayan ambulan na sa shi, don direban motar da zai kai mata.

Washegari aka mayar da ni yankan takarda, na kuwa yanka ba tare da na ba kowa haƙuri ba. Sai da masu zuwa suka yi ta cewa su dai Kulu suke so ta rubuta musu, sannan Alhaji ya maido ni. Har yau bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce na yi kuskure ba.

Da kaka ta yi, wata budurwa mai gilashi ta tsaya bakin shago da katin a hannu, ta tambayi wadda ta rubuta. Na ce uwarta ce, ni biro na riƙe. Sai ta ce in nuna mata inda ake hawa motar Lafani.

Abin da na koya ke nan: mutanenmu suna da ƙauna, ba irin ta samfuri ba ce kawai. Ku zaunar da su, ku saurara. In maigida ya yi faɗa, ku turo shi wurina.