Gidan da Ya Gagari Mai Feshi

Matso kusa ka zauna, in ba ka labarin kawuna, wanda kowa ke kira Mai Feshi. Tun yana saurayi yake saɓa tankin magani a baya yana bi gida-gida, kyankyasai da kuɗin cizo ne abokan gabarsa. Ya kan ce wa masu gida: "Feshin farko zai kashe kusan duka. Waɗanda suka tsira su ne matsala, don 'ya'yansu ba sa jin maganin. Shi ya sa nake canzawa."

Matarsa, Inna, kullum tsiya take yi masa. "Malam, ka je ka yi wanka, kana warin mutuwar ƙwari."

"Warin nan ne ya aure ki," in ji shi.

Sai ciwon daji ya kama Inna a mara. Aka yi mata aiki, aka riƙa ɗaura mata ruwan magani mai sinadarin filatinam. Gashinta ya zube, ta sha amai, amma ciwon ya lafa har ta koma kan keken ɗinkinta. Ba a rufe shekara ba cikin ya sake kumbura. Aka maimaita maganin, shiru kake ji.

Ni na raka kawu wajen likita. Ta zaunar da mu ta ce, "Baba, maganin nan yana lalata ƙwayoyin ciwon ne daga ciki. To, wasu sun tsira, sun iya gyara ɓarnar, wasu ma fitar da shi suke yi tun kafin ya taɓa su. Su ne suka hayayyafa."

Kawu ya sunkuyar da kai. Ba ya buƙatar ƙarin bayani.

"A canza mana, 'yata. Ni ma haka nake yi."

"Za mu canza. Amma sauran magungunan jinkirta ciwon kawai suke yi, ban yi maka alkawarin warkewa ba."

A hanya muka wuce wani tsohon gidan burodi. Ya nuna shi da haɓa. "Nan na ƙarar da duk kalar maganin da na sani. Ƙarshe na ga kyankyaso yana tafiya cikin jiƙaƙƙen feshi kamar yana yawo. Na ɗauki tankina na fita. Inna ba ta sani ba, ita a wurinta ba abin da ke gagarata."

Mun tarar da ita a jingine da filo, ta rame, tana ƙoƙarin zura zare a allura. Ta karanta fuskarsa.

"Ƙwayoyin ciwon sun saba da maganin ko? Irin ƙwarin naka." Ta yi 'yar dariya. "To ai da sauƙi. Malam, faɗa mini tsakani da Allah, akwai gidan da ya taɓa gagarar ka?"

Kawu ya dafa ƙofa. In kai ne a tsaye a wurin, me za ka ce mata?