Marafan Lemo Tamanin da Huɗu

Edita, ina gaisuwa. A sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa sayen doya a garin Lafiya zai gane ni kafin ya gama layi uku. A shekarun da zan ba da labari ni dillalin doya ne, mai rumfa a bakin inda motocin Obi da Adogi da Ashige ke sauke kaya. Tumbina yakan riga ni shiga masallaci da minti biyar. An san ni da ƙarin gishiri: in na ce na ga doya mai tsawon tabarya, abokan sana'a sukan raba maganata gida uku su ɗauki ɗaya. Ni kuma hakan bai dame ni ba, tunda dariya ce ke tara mini masu saye.

A sana'armu ciniki ba ya faɗawa a bushe. Baƙo ya zo daga kudu ko daga Kano, ka ajiye masa benci, ka aika a kawo lemon kwalba mai sanyi. Kuma ba ka barin baƙo ya sha shi kaɗai kamar kana tsoron abin da ke ciki, kai ma sai ka buɗe taka. Wannan ba mu ɗauke shi sha ba, gaisuwa ce. Da za a rantsar da ni a lokacin, zan ce kwalba ɗaya nake sha a wuni, ita ce ta bayan tuwon rana.

Sai aka fara maganar gwamnati ta sa wa lemo haraji saboda sukarin da ke cikinsa. Ranar na yi wa'azi a kan buhu. Na ce gobe za su sa wa atishawa haraji, jibi su auna inuwar mangwaro su raba mana takarda. Ana cikin wannan surutu ne wata mata ta shigo kasuwa da jaka da takardu, ta ce daga jami'a take, tana binciken yadda farashi ke juya abin da mutane ke ci da sha. Siririya ce, ba ta da hayaniya, Hausarta irin ta mutanen kan dutse, takan ce Alhaji ta zauna maimakon Alhaji ya zauna. Aka turo ta wurina don a sha dariya.

Ta tambaye ni kwalba nawa nake sha a mako. Na kalli jama'a, na gyara hula, na ce ashirin cif, kuma in ana zafi har da kwalbar nake haɗiyewa. Rumfa ta kece da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta rubuta ashirin, ta ce a abin da ta gani, masu sana'a irin tawa sukan faɗi ƙasa da abin da suke sha, domin ba sa lissafa na baƙi. Ta ciro wani tsohon gwangwanin madara daga jaka, ta roƙe ni in riƙa jefa marfin duk kwalbar da na sha da bakina, na mako biyu, ban da na baƙo. Na ce Madam, ki kawo durom. Ta ce wannan ma ya isa mu fara.

Kafin ta tafi na tsokane ta, na ce to malamar duba, faɗa mini abin da harajinku zai yi wa mutum kamata. Ta amsa ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce ni ba zan daina ba, domin ina da hali. Zan koma babbar roba in ce ta fi araha, daga nan in koma wanda ba shi da suna, daga nan in koma zoɓo in ce ai na gargajiya ne. Ta ce zan sa wa kaina ranar dainawa, in ta zo in ɗaga ta. Masu ƙaramin ƙarfi su ne za su fara ragewa, kuma su za su fi tsira. Sannan ta ce abin da ya sa hukuma ke sa baki shi ne, lemo mutum ɗaya ke shan sa, amma jinyarsa gida guda ke yin ta. Na tafa mata, na ce ta iya tatsuniya.

Wallahi a kwana na tara gwangwanin ya ƙi rufuwa. Na zargi 'yan dako da zuba mini nasu, suka rantse. Na koma ajiye shi a aljihun babbar riga, ina tafe yana kacau-kacau kamar mai rawar gargajiya, sauran kuma na ƙulle a leda. Da matar ta dawo bayan mako biyun ta juye su a faifai a gaban kowa, ta jera su goma-goma. Tamanin da huɗu. Shida ke nan kullum. Wani tsoho ɗan ƙabilar Tibi da muka shekara ashirin muna ciniki ya riƙe baki, ya ce yau ya ga abin da bai taɓa gani ba, Alhaji ya yi ƙarya ta kasa kamo gaskiya. Aka yi ta dariya har da masu faɗuwa daga benci. Ni ma na yi. Ni da nake ninka komai sau uku, ga shi na faɗi abin da bai kai rabi ba.

A nan ne na yi kuskuren da ya sa nake rubuto muku. Ta ja ni gefe, ta ce ita ba likita ba ce, amma don Allah in je a gwada jinina cikin makon nan. Na ce ƙibata ta arziki ce, kakana ya sha rake gona guda ya mutu da haƙoransa. Na ce bayan Sallah zan je. Ta dube ni, ta ce ta gode da lokacina, ta bar mini gwangwanin. Ban sake ganin ta ba, ko sunanta ban riƙe ba.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake tayar mini da tsigar jiki. Lemo ya yi tsada, haraji da tsadar rayuwa suka haɗu. Na koma babbar roba, ina yi wa mutane bayanin cewa ta fi araha. Na koma wani jan lemo marar suna mai rina harshe. Na koma zoɓo da kunun aya, ina cewa mai yi ta ƙara sukari don na gida ne ba ya cutarwa. Sallah ta wuce, dainawa da zuwa gwaji na ce sai sabuwar doya ta fito, ta fito na ce sai ta ƙare. 'Yan dakon da ta ce za su fara ragewa kuwa tuni sun koma ruwan leda. Ina taka sawun maganarta ɗaya bayan ɗaya, kuma ko sau ɗaya ban lura ba. Ƙishirwa ta dame ni, fitsari ya hana ni zaman ciniki, uwargida ta ce ta ga tururuwa na taruwa a makewayi. Na ce su ma sun san mai daɗin jini.

Wata Talata da hantsi na dawo gida ɗaukar waya, uwargida ta kalli ƙafata ta saki salati. Ƙusar katakon mota ta shige ta silifas ta huda babban yatsana, jini har ya bushe, ni kuwa ban ji komai ba. Na kwana biyu ina sa man zafi. Da ya fara wari aka kai ni asibiti. Ma'aikaciyar da ta gwada jinina ta sake gwadawa, ta tambaye ni da ƙafata na shigo ko ɗauko ni aka yi. Ciwon sukari ne, ya riga ya yi nisa. Aka yi ta fama don a ceci ƙafar. An cece ta, amma babban yatsa da na kusa da shi sun tafi.

A ɗakin da aka kwantar da ni mu bakwai ne. Direban tirela, malamin firamare, wani fasto, mai sayar da taya. Da muka saba muka fara ba juna labari, sai na ji kamar mutum ɗaya ke magana da baki bakwai: babbar roba, zoɓo, bayan Sallah, bayan Kirsimeti. A gefen kowane gado kuma ga mace zaune da kwanon abinci, ta rufe sana'arta. Tawa wata biyu kekenta na ɗinki yana rufe da zane. A nan na tuna maganar mai binciken nan, cewa gida guda ke jinya. Na kwanta ina kallon silin ina mamaki. Matar nan ba ta san ni ba, ba ta buga ƙasa ba, ba ta da aljani. Tambayar mutane kawai ta yi ta yi tana rubutawa, har ta hango wannan ɗaki da gadon da zan kwanta tun ina kan buhu ina wa'azi. Ashe abin da nake ɗauka halina ne ni kaɗai, hanya ce da dubbai suka bi, har an san inda take ɓullewa. Allah mai iko, da Ya ba ɗan Adam irin wannan sani.

Ban ce haraji zai warkar da kowa ba, ni bai hana ni ba. Amma na daina zagin masu binciken nan, kuma in an tara kuɗin, ina roƙon a kai su irin ɗakin da na kwanta. Ku kuma 'yan'uwana masu buɗe wa baƙo ku buɗe wa kanku, dillalai da direbobi da masu zaman ofis, kada ku tambayi kanku nawa kuke sha, bakinku zai rage muku. Ku sami gwangwani ku tara marafa na mako biyu, in ya cika ku je a gwada jininku a makon, ba bayan Sallah ba.

Nawa gwangwanin yana nan a rumfa, kusa da tulun ruwa da farantin gyaɗa da nake tarbar baƙi da su yanzu. In wani ya ce wannan ma ƙarin gishirin Alhaji ne, ba na musu da shi. Takalmi nake cirewa in ce ya ƙirga da kansa.